Kwalin Farko da Kwali na Goma: Muhawara kan Maganin Olsa a Kaduna

Daga Kawo zuwa Unguwar Shanu, daga Badarawa zuwa Tudun Wada, da wuya a shiga gida a Kaduna ba a tarar da mai cewa yana da olsa ba. Wani ƙwannafi ne ke taso masa cikin dare har ya ji tsami a maƙogwaro, wata ƙahon zuciyarta ne ke ci da wuta idan yunwa ta kama ta, wani kuwa kumburin ciki da yawan gyatsa ne suka dame shi. Sunan da suke kiran ciwon ɗaya ne, maganin da suke nema ma ɗaya ne: kafson nan da ake rubuta omeprazole a jikin kwalinsa, wato omefirazol, ko ɗaya daga cikin danginsa. Yadda ake sayensa kowa ya sani. Mace ta tsaya a bakin kantar kemis bayan Magariba ta ce, "Likita, a ba ni na olsa guda huɗu." Mai kemis ya zaro kati ɗaya daga kwali, ya sa almakashi ya yanko huɗu, ya ƙulle a 'yar leda yana cewa, "Hajiya, har yanzu bai sake ki ba?" Ta ce da sauƙi dai, ta biya ta wuce. Takardar bayanin da kamfani ya naɗe a cikin kwalin tana nan a kan kanta ba wanda ya buɗe ta, ba kuma wanda ya tambayi Hajiya tun yaushe take wannan saye.

A kan wannan ɗan cinikin ake ja-in-ja. Likitoci da masana haɗa magunguna da yawa suna ganin magani ne da bai kamata ya bar kanta ba sai da takardar likita, domin yana ɓoye cutar da ya kamata a gano da wuri. Ɗaya ɓangaren, wanda ya haɗa masu kemis da marasa lafiya da ma wasu likitocin, suna cewa magani ne mai sauƙin haɗari mai saurin amfani, kuma ɗaure shi da takarda a garin da ganin likita ke cinye wuni guda zalunci ne ga talaka. Kowane ɓangare ya riƙe gaskiya, sai dai ba a wuri ɗaya ba. Abin da auna hujjojin ya kai ni gare shi shi ne, kwalin farko na mako biyu ba shi da haɗarin da zai sa a hana mai ƙwannafi shi, amma kwali na biyar da na goma, waɗanda ake saye shekara da shekaru ba tare da kowa ya binciki cikin ba, a nan ake asarar lafiya, wani lokaci har da rai.

Sai an san yadda maganin ke aiki kafin a yi masa hukunci. A jikin bangon tumbi akwai wasu ƙwayoyin halitta masu ɗauke da ƙananan famfuna da ke zuba asid don narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cutar da aka haɗiya. A mashigar tumbin kuma, inda bututun abinci ya ƙare, akwai zoben tsoka da ke rufewa bayan abinci ya wuce. Idan zoben ya saki, asid ya hau sama ya ƙona bututun da ba a halicce shi don jure asid ba, shi ne ƙwannafi. Idan kuwa kariyar bangon tumbi ko ta farkon hanji ce ta lalace har asid ya ci nama, shi ne gyambon ciki na gaskiya. Omefirazol ba ya kashe asid ɗin da ya riga ya zuba, kamar yadda ruwan maganin nan fari mai kauri ke yi nan take. Shi sai ya wuce hanji, ya shiga jini, ya dawo ya kulle famfunan har sai jiki ya ƙera sababbi. Famfon da ke cikin aiki kawai yake iya kullewa, shi ya sa ake shansa kamar rabin sa'a kafin karin kumallo, kuma yakan ɗauki kwana uku zuwa huɗu kafin ƙarfinsa ya cika. Wanda ya buɗe kafson zai ga ƙananan ƙwayoyi farare, kowacce da rufinta da ke kare ta daga asid. Wanda ya tauna su ya lalata maganin tun bai fara aiki ba. Saboda haka mai sayen guda biyu ya haɗiya bayan ya ci tuwo zafi ya taso, kuɗinsa kawai ya kashe, amfanin da ya samu bai taka kara ya karya ba.

Masu son a bar maganin a hannun jama'a suna da tarihi a bayansu. Kafin shekarar 1976, lokacin da maganin Tagamet ya fito daga aikin Sir James Black da abokansa a Ingila, mai gyambon ciki da ya ƙi jin magani ƙarshensa ɗakin tiyata ne, a yanke jijiyar da ke sa tumbi zuba asid ko a cire wani ɓangare na tumbin. A 1988 kamfanin Astra na ƙasar Suwidin ya fitar da omefirazol da sunan Losec, ya zarce duk abin da ya gabace shi wajen warkar da gyambo da ƙunar bututun abinci. Yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kamfanoni barkatai suna yin sa, farashinsa ya sauko har ɗan dako yana iya saya. Amurka ta halatta sayar da shi ba tare da takardar likita ba a 2003, Ingila ta bi sahu a 2004. Masu wannan ra'ayi suna tambaya: in ƙasashen da likita ke kusa da kowa sun yarda mutum ya saya da kansa, wane dalili zai sa a tsaurara a Najeriya, inda fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mara lafiya yake fitowa? Mai tura baro a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko tela a Kasuwar Barci, in zai ga likita a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko Asibitin Yusuf Ɗantsoho, sai ya biya kuɗin mota, ya yanki kati, ya bi layi, ya rasa cinikin ranar. A ce ya yi duk wannan saboda ƙwannafin da ya san tsiren dare da yaji ne suka jawo masa, an ɗora masa nauyin da ba zai ɗauka ba, kuma ba zai ɗauka ɗin ba.

Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce me mutum zai koma wa in an hana shi. Ba haƙuri zai yi ba. Zai jiƙa kanwa ya sha, ko ya ɗirki madara, ko ya sayi wani tsimi a robar da ba ta da suna daga mai lasifika a bakin tasha. Kanwa tana kashe asid nan take, wannan gaskiya ne, amma gishirin da ke cikinta ba ƙarami ba ne, kuma tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka nuna a Zariya yadda yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ruwan zafi ke da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Mai hawan jini da ke shan ruwan kanwa kullum yana sayen sauƙin ciki da lafiyar zuciyarsa da ƙodarsa. Madara tana sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙaro asid. Idan aka jera waɗannan da omefirazol na ƙwarai, ba a ma haɗa su. Ga kuma watan Ramadan, lokacin da masu ƙwannafi ke shan wuya: ciki ya wuni fayau, a buɗe baki da ƙosai da soyayyen dankali da kunun tsamiya, a yi sahur mai nauyi a koma a kwanta da an sallame Asuba. Kafso ɗaya rabin sa'a kafin sahur ya taimaki mutane da yawa sun kai azuminsu lafiya. Ban ga amfanin dokar da za ta sa wannan ya yi wuya ba.

Game da illolin maganin kuwa, ya kamata masu son tsaurarawa su rage abin da suke tsoratar da mutane da shi. Gaskiya ne hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2010 kan karayar ƙashi, a 2011 kan raguwar sinadarin magniziyam a jini, a 2012 kan wata gudawa mai tsanani, kuma doguwar mu'amala da shi na iya rage bitamin B12 da ƙarfen da jiki ke tsotsa daga abinci. An kuma yi ta yaɗa cewa yana lalata ƙoda yana kawo ruɗewar tsufa. Amma yawancin waɗannan sun fito ne daga bibiyar bayanan marasa lafiya, kuma masu shan maganin na tsawon lokaci galibi tsofaffi ne masu wasu cututtukan, don haka da wuya a rarrabe laifin magani da laifin shekaru. Gwajin da ya fi kowanne girma, wanda aka buga sakamakonsa a 2019, ya raba mutum 17,598 gida biyu, rabi suna shan wani ɗan uwan omefirazol, rabi suna shan ƙwayar da ba magani a cikinta, aka bi su kimanin shekara uku. Ba a ga bambancin a zo a gani ba a karayar ƙashi ko ciwon ƙoda ko ruɗewa. Abu ɗaya ne ya fito fili, cututtukan hanji da ake ɗauka ta baki: kashi 1.4 cikin 100 a masu shan magani, kashi 1.0 a sauran. Wanda ya ce maganin guba ne bai faɗi gaskiya ba, kuma irin wannan magana tana sa wanda ke matuƙar buƙatarsa, kamar dattijon da ya taɓa aman jini kuma dole ya ci gaba da shan asfirin don zuciyarsa, ya watsar da abin da ke tsare masa rai.

To ina matsalar take? Tana cikin ingancin maganin kansa. Yana kashe zafi sosai, har mutum ya daina tambayar abin da ya kawo zafin, kamar a ɗaure bakin kare mai haushi alhali ɓarawo na cikin gida. Babban abin da ake mantawa shi ne ƙwayar cutar nan Helicobacter pylori. A 1982 likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano cewa yawancin gyambon ciki ba yunwa ko yaji ko tunani ke kawo shi ba, wata ƙwayar cuta ce da ke zaune a bangon tumbi. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya haɗiyi ƙwayoyin a 1984 ya kamu da kumburin tumbi, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Wani babban nazari na 2017 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya ƙiyasta cewa kashi 87.7 cikin 100 na 'yan Najeriya suna ɗauke da ita, adadi mafi yawa a duk ƙasashen da aka lissafa, yayin da a Amurka kusan mutum ɗaya ne cikin uku. Tun ana yara ake ɗaukarta, ta ruwa da abinci da cunkoson gida. Omefirazol shi kaɗai yana rufe gyambon amma ba ya kashe ƙwayar, kuma mafi yawan waɗanda aka warkar ta haka gyambon yakan dawo musu cikin shekara guda. In aka haɗa shi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu aka sha na kwana goma sha huɗu aka kawar da ita, waɗanda gyambon ke dawo wa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ke nan akwai mutane da yawa a Malali da Rigasa da Hayin Banki da suka shekara goma suna kiran kansu masu olsa, suna ƙaurace wa wake da tsami, wasu ma suna ciyarwa a madadin azumi, alhali ciwon nasu na iya ƙarewa cikin mako biyu da an gwada su. Wannan asara ta fi duk illolin da aka lissafa a sama nauyi a wurina.

Akwai mai cewa, in takwas ko tara cikin goma suna ɗauke da ƙwayar amma yawancinsu lafiya lau suke, me zai sa a tayar da hankali? Wannan tambaya ce mai tushe. A 1992 wani likitan tiyata mai suna Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya rubuta cewa abin mamaki ne yadda ƙwayar ta cika Afirka amma ba a ganin ciwon dajin tumbi da yawa kamar yadda ake tsammani. Daga baya wasu masana suka amsa cewa wani ɓangare na wannan mamaki rashin na'urar leƙa ciki ne da rashin rajistar masu ciwon daji: abin da ba a duba ba ba za a ƙirga shi ba. Ko ma wanne ne daidai, tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙwaya cikin tabbatattun masu haddasa ciwon daji. Ba wanda ke cewa a bi gida-gida ana ɗura wa masu lafiya magani. Yin haka zai ƙara wa ƙwayoyin cuta taurin kai ne kawai, ga shi tuni filajil ya daina jin wannan ƙwaya a wurare da yawa a ƙasar nan saboda yadda ake shansa kan kowace murɗawar ciki. Maganar a kan mai ciwon da ya ƙi tafiya ce. Shi ya cancanci gwaji na gaskiya, na bayan gida ko na numfashi. Gwajin jinin da ƙananan ɗakunan gwaji suka fi yi yana nuna cewa mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kurum, ko da an kashe ta tuni, kuma a ƙasar da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ita, takardar da ta ce an gani ba ta faɗi wani abin kirki ba. A nan ina tare da masu tsaurarawa ɗari bisa ɗari: kwalin nan mai haɗe da magunguna uku da ake kira na kashe olsa bai kamata a miƙa wa kowa shi ba tare da gwaji da takarda ba, balle a yanka shi a sayar da na kwana uku.

Abu na biyu da maganin ke lulluɓewa shi ne maganin ciwon jiki. Birkila da ɗan acaba da mai faskare, da tsohuwa mai ciwon gwiwa, da yawa ba sa kwanciya sai sun ce a haɗa musu na gajiya, kuma a cikin haɗin akan sami diklofenak ko ibufurofen ko firokzikam, wani lokaci biyu a tare, ga hodar ciwon kai mai asfirin da ake kaɗawa a ruwa. Waɗannan su ne na biyu wajen haddasa gyambon ciki a duniya, kuma su ne ke sa gyambo ya yi jini ko ya huda. Mutum ɗaya, a kanta ɗaya, yakan sayi abin da ke cin cikinsa da abin da ke hana shi jin ana ci, ba wanda ya haɗa masa lissafin. Na uku kuma ya fi ban tsoro, wato ciwon da ba na asid ba ne sam. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma ciwon dajin hanta yakan fara ne da nauyi da zafi a saman ciki, daidai inda ake nunawa a ce olsa. Tsakuwar matsarmama, wadda ta yawaita ga masu sikila, haka take. Bugun zuciya ma, musamman ga masu ciwon suga da mata, yakan zo da zafin ƙahon zuciya da gumi da tashin zuciya, mutum ya aika yaro kemis alhali asibiti ya kamata a garzaya da shi. Ciwon dajin tumbi kuwa yakan lafa da omefirazol na 'yan watanni, kuma watannin nan su ne tazarar da ke tsakanin aikin da zai yi amfani da wanda ba zai yi ba.

Wani zai ce ai in ciwon ya dawo da an daina sha, alama ce mutum na buƙatar maganin, ya ci gaba kawai. Ba koyaushe ba. A 2009 masu bincike a ƙasar Denmak suka ɗauki mutum 120 masu ƙoshin lafiya waɗanda ba su da ƙwannafi, suka ba rabinsu irin wannan magani na mako takwas sannan suka janye. Kashi 44 cikin 100 na waɗanda suka sha sun fara jin ƙwannafi ko zafin ciki bayan janyewar, a ɗaya rukunin kuwa kashi 15 ne. Dalili shi ne, idan aka daɗe ana danne asid, jiki yana ƙara shirin zuba shi, da an saki sai ya zubo fiye da da na wasu makonni. Mai shan da bai san wannan ba zai ɗauka olsarsa ce ta tashi, ya koma kemis, haka zai yi ta zagaye. Wanda ya sani zai rage a hankali, ya riƙa tare zafin da ruwan maganin nan fari har jiki ya daidaita. Sannan ɗan bambancin nan na cututtukan hanji, wanda ƙarami ne a inda ruwan sha ke da tsabta, ba abin rainawa ba ne a unguwar da ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa kuma rijiya ke maƙwabtaka da masai. Asid ɗin ciki shi ne shingen farko da ƙwayar kwalara da ta taifod ke cin karo da shi, kuma a 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, yawancinsu a Arewa. Akwai kuma masu shan wasu magungunan da omefirazol ke raunanawa, kamar atazanabir na masu cutar da ke karya garkuwar jiki da kilofidogirel na masu ciwon zuciya, kuma mai ɗauke da cutar farko ba lalle ya faɗa wa mai kemis ɗin unguwarsu abin da yake sha ba.

Misalin Amurka da ake kafa hujja da shi, in aka karanta shi duka, yana goyon bayan iyaka ne. Kwalin da ake sayarwa can ba takarda an rubuta a jikinsa cewa a sha na kwana 14, kada a maimaita sai bayan wata huɗu sai da izinin likita, kuma a rufe ake sayar da shi tare da gargaɗinsa. Abin da suka halatta shi ne kwalin farko. Mu kuma almakashi ya raba maganin da gargaɗin. Duk da haka ban yarda cewa takardar likita ita kaɗai za ta gyara lamarin ba, domin asibitoci ma suna da nasu kason. A ƙasashe da dama bincike ya nuna ana rubuta wannan magani ga mutanen da ba su da dalilin shansa, a sallami mara lafiya da shi ba a faɗa masa ranar dainawa ba, ya riƙe tsohon kwalin yana nunawa a kemis shekara da shekaru. Takardar da ba ta da ranar ƙarewa ba ta fi yankan almakashi ba. Akwai waɗanda za su sha shi har ƙarshen rayuwa kuma daidai ne su sha, kamar mai tsananin ƙunar bututun abinci da aka gani da na'ura. Bambancinsu da Hajiyar bakin kanta shi ne wani ya duba ya yanke wannan hukunci da saninsa.

Matsayina ke nan: a bar baligin da bai kai shekara hamsin da biyar ba, mai ƙwannafi ko zafin ciki ba tare da wata alamar haɗari ba, ya sayi cikakken zubi na mako biyu a famasi ko a kemis mai horo, a rufe da takardarsa, a gaya masa ya sha kafin karin kumallo, ya bar sa'a uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, ya ɗaga kan gadonsa, ya rage goro da taba da shayi mai kauri, ya ajiye haɗin gajiya. In ya dawo neman na biyu, a tura shi gwaji. In kuwa abinci na tsaya masa a ƙirji, ko yana ramewa ba dalili, ko ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko idonsa ya ɗashe ko ya yi ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ya fara masa ne da girma, to kada a ba shi ko ɗaya, a ce masa, "Baba, wannan ya fi ƙarfin kanta, sai asibiti." Za a ce wa zai sa mai kemis ya kori mai saye, alhali da cinikin yake ci da iyalinsa? Ƙorafin gaskiya ne, kuma kame da rufe shaguna kaɗai ba su taɓa magance shi ba. Amma Kaduna tana da abin dogaro. Daga 2017 jihar ta kasance ɗaya daga cikin biyun farko, ita da Legas, da hukumar PCN mai ba masu kemis lasisi ta gwada tsarin rarraba su mataki-mataki bisa horonsu, aka koya musu ba da shawara kan tazarar haihuwa da cututtukan yara da tura abin da ya fi ƙarfinsu asibiti. Wanda aka iya koya wa wannan za a iya koya masa 'yan tambayoyi kan ciwon ciki, kuma ƙungiyarsu ta NAPPMED tana da tarukan da saƙon zai bi ya isa kowane lungu. Mai kemis ɗin da ya tura dattijo asibiti aka gano ciwonsa da wuri bai yi asarar mai saye ba, domin a unguwa irin wannan labari ba ya ɓuya.

Inda shawarar tawa za ta iya rushewa shi ne wurin da ake tura mutumin. In aka ce ya je gwaji ya tarar gwajin bayan gida ya fi ƙarfin aljihunsa, ko sai ya tafi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kafin a leƙa cikinsa, zai dawo bakin kanta, kuma ba za a zarge shi ba. Wannan aikin gwamnati ne. Hukumar KADCHMA da ke kula da inshorar lafiya ta jihar tana iya sa gwajin wannan ƙwaya ta bayan gida cikin abin da take biya a cibiyoyin lafiya na matakin farko, a saye shi da yawa don ya yi araha, a kuma tsara yadda babban asibitin Kawo da takwarorinsa za su riƙa tura masu alamun haɗari wurin leƙa ciki ba tare da jiran watanni ba. Gwajin ma yana da sharaɗin da dole mai kemis da ma'aikacin cibiya su sani: omefirazol yana rage yawan ƙwayar har ta ɓuya, don haka sai mutum ya daina shansa mako biyu kafin a gwada shi, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma mako huɗu, in ba haka ba takarda za ta ce babu alhali akwai, a sallame shi ya koma kan kafsonsa.